Daidaita Maƙirgan PostgreSQL Tsakanin Sabobi: Wace Hanya Ta Dace da Haɓaka Siga, Wace Ta Dace da Faɗuwar Saba?

A rumbun bayanai na PostgreSQL, yawancin tebura suna samun lambar kowane sabon layi ne daga maƙirgi, wato abin da ake ƙirƙira da umarnin CREATE SEQUENCE, ko wanda rumbun ke ƙirƙira da kansa idan an ayyana ginshiƙi a matsayin serial ko identity. Aikinsa bai wuce riƙe lambar ƙarshe da ya bayar ba, da miƙa ta gaba ga duk wanda ya kira nextval. Muddin saba ɗaya, wato na'urar da rumbun ke gudana a kanta, ce ke karɓar rubutu, babu mai tunawa da shi. Ranar da aka mayar da aiki kan wata saba ce ake gane muhimmancinsa, domin yana yiwuwa duk layuka sun iso lafiya, an ƙirga su an ga sun cika, amma da zarar manhaja ta yi ƙoƙarin saka sabon layi sai ta dawo da kuskure mai lamba 23505, wanda ke nufin mabuɗin da ake son sakawa tuni yana cikin tebur. Dalili kuwa shi ne teburin yana ɗauke da miliyoyin layuka, alhali maƙirginsa na sabuwar saba yana nan tsaye a kan 1.

Kafin a auna hanyoyin da ake bi don kauce wa wannan, akwai ɗabi'u biyu na maƙirgi da dole a sani, domin a kansu dukkan zaɓin ya ginu. Ta farko ita ce lambar da nextval ya bayar ba ta dawowa, ko da an soke ma'amalar da ta karɓe ta, wato rukunin umarnan da ake tabbatarwa ko sokewa gaba ɗaya. Ta biyu ita ce PostgreSQL ba ya rubuta kowane kira a kundin WAL, wato kundin da yake fara rubuta sauye-sauye a ciki don ya iya farfaɗowa bayan faɗuwa, sai dai ya rubuta cewa an yi gaba da lambobi 32, sannan ya ci gaba da rabawa daga cikinsu har su ƙare. Saboda haka idan saba ta faɗi ta sake tashi, ana iya samun tsallaken lambobi da dama, kuma takardun PostgreSQL da kansu sun bayyana cewa ba a dogara da maƙirgi don samun jerin lambobi marar giɓi. Abin da wannan ke nunawa shi ne, ba dole ba ne maƙirgin sabuwar saba ya yi daidai da na tsohuwa lamba da lamba. Abin da ake buƙata kawai shi ne kada ya kasance a baya. Giɓi ba ya cutar da kowa in ba wanda ya ɗora ma'anar da ba ta dace ba a kan lambobin, amma maimaici yana tsayar da aiki, ko ma ya yi abin da ya fi haka muni, ya haɗa bayanan mutum biyu a ƙarƙashin lamba ɗaya a wani tsarin da ke waje da rumbun.

Haka kuma dole a raba yanayi biyu da sau da yawa ake cakuɗa su. Akwai miƙa ragama da aka shirya, kamar lokacin haɓaka siga, wato komawa kan sabuwar fitowar PostgreSQL, inda tsohuwar saba tana raye, ana iya dakatar da rubutu a kanta, a tambaye ta duk abin da ake so. Akwai kuma karɓe ragama na gaggawa, inda babbar saba ta mutu ba zato ba tsammani, kuma duk abin da ba a ɗauko daga gare ta ba kafin mutuwarta ya tafi ke nan. Hanyar da ta fi kowace kyau a yanayi na farko tana iya zama marar amfani kwata-kwata a na biyu.

Hanya ta farko ita ce kwafin faifai, wanda ke tura kundin WAL kai tsaye zuwa sabar ko-ta-kwana, kuma yana cikin PostgreSQL tun siga ta 9.0 da ta fito a 2010. A wannan tsari sabar ko-ta-kwana tana maimaita kowane sauyi da aka yi a fayilolin babbar saba ba tare da damuwa da ma'anarsa ba, don haka maƙirgai suna tafiya tare da sauran kaya ba tare da an yi musu wani tanadi na musamman ba. Wanda ya duba maƙirgi a sabar ko-ta-kwana yakan ga ya ɗan wuce na babbar saba, wannan kuwa sakamakon lambobi 32 ɗin nan ne da ake rubutawa tun kafin a raba su, kuma alheri ne, tun da gaba ya yi, ba baya ba. Ga karɓe ragama na gaggawa babu hanyar da ta kai wannan, shi ya sa kayan aikin sarrafa gungun sabobi irin su Patroni suka dogara a kanta. Sai dai tana da sharaɗi mai tsauri, wato dole sabobin biyu su kasance a babbar siga ɗaya, a kan na'urori masu tsari iri ɗaya. Ba a kwafin faifai daga siga ta 14 zuwa ta 17, saboda haka ranar haɓaka siga wannan hanya ita kaɗai ba ta kai mutum ko'ina.

Ko a fagen da ta fi ƙarfi, akwai ƙananan ramuka biyu da ya kamata a sani. Idan kwafin ba mai jiran tabbaci ba ne, wato babbar saba tana amsa wa manhaja tun kafin sabar ko-ta-kwana ta karɓi sauyin, to ma'amalolin ƙarshe kafin faɗuwa suna iya ɓacewa tare da ci gaban maƙirginsu. A cikin rumbun ba za a ga wani karo ba, tun da layukan ma sun ɓace, amma idan an riga an aika wa wani tsari na waje da lambar, ko an buga ta a rasit, sabuwar saba za ta iya sake ba wani daban ita. Na biyu kuma ya shafi maƙirgai marasa rubutu a kundin WAL, waɗanda aka samar a siga ta 15 da kalmar UNLOGGED, domin su ba sa isa sabar ko-ta-kwana da darajarsu, wato lambar da suka kai.

Ga wanda zai iya jure tsayar da aiki na ɗan lokaci, pg_upgrade, kayan aikin haɓaka siga na PostgreSQL, yana warware batun haɓaka siga ba tare da an taɓa maganar maƙirgai ba, domin yana ɗaukar su da darajarsu zuwa sabuwar siga. Da zaɓin --link, wanda ke haɗa fayiloli maimakon kwafe su, aikin yakan yi sauri ko da rumbun yana da girma, amma da zarar an kunna sabuwar siga ba a iya komawa kan tsohuwa lafiya, sai daga ajiya ko daga wata sabar ko-ta-kwana da aka bari a gefe. A ganina wannan ce hanyar da ta cancanci a fara tunani a kai, kuma da yawa daga masu rungumar hanyoyi masu sarƙaƙiya ba su taɓa auna ko mintoci nawa pg_upgrade zai ɗauka a kan kwafin rumbunsu ba kafin su yanke hukuncin cewa ba za su iya jurewa ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne kwafin layuka, wanda ya shigo cikin PostgreSQL a siga ta 10 a 2017 ta hanyar CREATE PUBLICATION da CREATE SUBSCRIPTION. Wannan tsari yana karanta kundin WAL ya fitar da ma'anarsa, wato an saka wannan layi, an gyara wancan, an goge wani, sannan ya aika wa saba mai karɓa, wadda za ta iya kasancewa a wata siga dabam. Shi ya sa ya zama hanyar da ake bi don haɓaka siga da ɗan gajeren tsaiko. Amma daga siga ta 10 har zuwa ta 18 da ta fito a Satumban 2025, darajar maƙirgai ba ta cikin abin da yake ɗauka. Lambobin da ke cikin layuka suna isowa a matsayin bayanan tebur, amma ba a kiran nextval a saba mai karɓa, don haka maƙirginta ba ya motsi. Ko pg_createsubscriber da aka ƙara a siga ta 17, wanda ke mayar da sabar kwafin faifai ta koma mai karɓar kwafin layuka, yana barin maƙirgai ne a inda suke lokacin sauyin, kuma daga nan suke fara zama tsofaffi. Wannan ma ya fi haɗari ta wani ɓangare, domin maƙirgin da ke kan 1 kowa zai gane da matsala, amma wanda ke nuna lamba mai girma yana iya yaudarar mai dubawa.

Ba sakaci ne ya jawo wannan giɓi ba. An taɓa shigar da aikin da zai riƙa tura sauyin maƙirgai cikin manhajar da ake shirya wa siga ta 15, sannan aka janye shi a 2022 kafin sigar ta fito. Wahalar ta samo asali ne daga fuska biyu da maƙirgi yake da su: kiran nextval ba ya bin dokar ma'amala, amma ƙirƙirar maƙirgi ko sauya fasalinsa yana binta, kuma tsarin da ke jera sauye-sauye bisa ga lokacin tabbatar da ma'amala dole ya bambance su biyun ba tare da ya rage gudu ba.

Abin da masu kula da rumbu suka saba yi ke nan shi ne ɗauko darajar da hannu a daidai lokacin miƙa ragama. Ana dakatar da rubutu a tsohuwar saba, misali ta hanyar umarnin PAUSE na PgBouncer, wato kayan aikin da ke tsakanin manhaja da rumbun yana raba hanyoyin haɗuwa, ko ta rufe hanyar manhaja, a jira har saba mai karɓa ta kamo, sannan a karanta last_value na kowane maƙirgi daga pg_sequences, wato jerin maƙirgan rumbun, a kira setval, umarnin da ke ɗora maƙirgi a kan lambar da aka ba shi, da shi a sabuwa, kafin a buɗe ƙofa. Ana kuma iya barin pg_dump, kayan aikin fitar da ajiyar rumbu, ya yi wannan, domin idan aka ce ya fitar da bayanai kaɗai na maƙirgai, umarnan setval ne yake rubutowa. Fa'idar pg_dump ita ce yana kiyaye alamar is_called, wadda ke faɗin ko an riga an bayar da lambar da ke ajiye ko ba a bayar ba tukuna. Wanda ya rubuta nasa umarnin daga pg_sequences zai ga cewa last_value yana zuwa babu komai idan ba a taɓa amfani da maƙirgin ba, haka ma idan asusun da yake tambaya da shi ba shi da izinin karanta maƙirgin, kuma rashin bambance waɗannan biyun yana iya sa a tsallake maƙirgi mai aiki a ɗauka sabo ne. Wannan hanya ita ce mafi daidaito ga haɓaka siga, amma lokacinta yana cikin tsaikon da masu amfani ke ji a jikinsu, kuma a rumbun da ke da dubban maƙirgai, kamar wanda ke ware wa kowane abokin ciniki nasa rukunin tebura, ba ƙaramin abu ba ne. Ga mutuwar saba kuwa ba ta da amfani, tun da wanda za a tambaya ya tafi.

A nan ne wasu ke komawa ga tebura da kansu, su nemo lamba mafi girma a kowane ginshiƙi da max, su samo sunan maƙirginsa da pg_get_serial_sequence, su ɗora shi a can. Kyawunta shi ne ba ta buƙatar tsohuwar saba ko kaɗan, don haka ita ce mafita ta ƙarshe idan an wayi gari babu wani tanadi. Amma ita ce mafi yawan tarko. Aikin pg_get_serial_sequence yana gane maƙirgin da aka ɗaure wa ginshiƙi ne kawai, ba ya ganin wanda manhaja ke kira kai tsaye, ko wanda tebura da yawa ke rabawa, ko wanda ake cusa lambarsa cikin rubutu kamar lambar oda mai harafi a gaba. Idan an goge layukan ƙarshe, ko an kwashe su zuwa ma'ajiyar tsofaffin bayanai, max zai ba da lamba ƙasa da wadda aka riga aka bayar, sai a sake raba lambobin da wasu tsare-tsare ke ɗauka na wani ne. Maƙirgi mai ƙirgawa ƙasa kuma min yake buƙata. Ban ga dalilin da zai sa a zaɓe ta a miƙa ragama da aka shirya ba, sai dai a yi amfani da ita wajen bincike bayan an gama, a tabbatar babu teburin da lambarsa mafi girma ta wuce maƙirginsa.

Ga wanda dole ne ya dogara da kwafin layuka don ko-ta-kwana, misali saboda sabobin suna sigogi dabam-dabam ko suna hannun kamfanonin hayar saba daban waɗanda ba sa yarda da kwafin faifai a tsakaninsu, abin da ya rage shi ne tura darajar lokaci-lokaci tare da ƙarin tazara. A ce wani tebur yana samun sababbin layuka 2,000 a minti a lokacin da aiki ya fi yawa, kuma ana tura darajar kowane minti biyar, to maƙirgin ko-ta-kwana zai iya zama a baya da 10,000, don haka tazarar da za a ƙara dole ta ninka wannan sau da yawa, saboda ranar da saba za ta mutu ba safai take zama ranar da komai ke tafiya yadda aka saba ba, kuma mai turawar shi ma yana iya tsayawa na awanni ba a lura ba. Ƙarin manhajar pglogical, wadda kamfanin 2ndQuadrant ya samar kafin EDB ya saye shi a 2020, tana yin irin wannan da kanta: tana tura matsayin maƙirgai lokaci-lokaci da tazarar da take daidaitawa gwargwadon gudun amfani, tana kuma da pglogical.synchronize_sequence don turawa nan take. Takardunta sun faɗi a fili cewa wannan yana rage yiwuwar zama a baya ne, ba ya kawar da shi.

Girman tazarar ya danganta da nau'in ginshiƙi. Ginshiƙin bigint yana kaiwa har 9,223,372,036,854,775,807, don haka tsallake biliyan ɗaya ba ya rage masa komai, kuma mai irin wannan ginshiƙi zai iya yin tazara mai faɗin da ba za a taɓa cim mata ba. Ginshiƙin integer kuwa, wanda shi ne serial ke bayarwa, iyakarsa 2,147,483,647, kuma teburin da ya riga ya ci rabin wannan ba shi da halin zubar da miliyoyi a kowane gwajin karɓe ragama. Dole kuma a duba MAXVALUE na kowane maƙirgi, domin setval yana ƙin darajar da ta wuce shi.

A ƙarshen 2025 an shigar da tallafin maƙirgai cikin manhajar da ake shirya wa siga ta 19, inda za a iya cewa FOR ALL SEQUENCES a wajen CREATE PUBLICATION, sannan a kira ALTER SUBSCRIPTION tare da REFRESH SEQUENCES a saba mai karɓa don ta ɗauko darajar da ke akwai a lokacin. Yana da kyau a fahimci iyakarsa tun da wuri. Ɗaukowa ce a lokacin da aka nema, ba bin kowane nextval ba, don haka a zahiri aikin setval ɗin nan ne aka mayar da shi cikin gida, aka ɗauke wa mutane nauyin rubuta nasu umarnin da kurakuransa. Ga miƙa ragama da aka shirya wannan ci gaba ne na gaske. Ga mutuwar saba kuwa lissafin bai sauya ba, domin darajar da ke hannu ta lokacin ɗaukowa na ƙarshe ce, kuma har yanzu sai an ƙara tazara. Tun da kuma ɓangaren aikawa ma yana buƙatar sabon tsarin, wanda ke barin tsohuwar siga irin ta 14 ko ta 16 ba zai mori wannan a tafiyarsa ta yanzu ba.

Akwai kuma masu kauce wa matsalar daga tushe ta hanyar hana sabobin biyu raba lambobi iri ɗaya. Hanya mafi sauƙi ita ce a ba maƙirgan duka INCREMENT BY 2, ɗaya ya fara da 1 ɗaya da 2, kamar yadda rumbun bayanai na MySQL ke yi da auto_increment_increment da auto_increment_offset. Da haka karo ba ya yiwuwa ko da ba a daidaita komai ba, amma lamba ta daina nuna wanda ya riga wani, kuma ƙara saba ta uku yana buƙatar sake lissafi idan ba a bar sarari tun farko ba. Wata hanyar ita ce barin maƙirgi gaba ɗaya a koma UUID, wato doguwar lambar shaida da kowace saba za ta iya ƙirƙira da kanta ba tare da maƙirgi ba. Nau'in da gen_random_uuid ke bayarwa bazuwar lamba ce da ke warwatsa rubutu a faɗin fihirisa, amma uuidv7 da ya zo a siga ta 18 yana farawa da lokaci, don haka sababbin layuka suna taruwa wuri ɗaya. Farashinsa shi ne bayit 16 maimakon 8 a kowane mabuɗi da kowane wurin da ake nuni gare shi. Ga sabon tsari da aka san zai yi rubutu a wurare da yawa, wannan zaɓi ne mai ma'ana. Ga tsohon rumbu mai ɗaruruwan tebura masu nuni ga juna, sauya mabuɗai don kawai a huta da setval ya fi matsalar da ake gudu girma nesa ba kusa ba.

Idan aka ajiye su gefe da gefe, tsarin da ya fi dacewa da yawancin ma'aikatu shi ne a bar ko-ta-kwana a hannun kwafin faifai a siga ɗaya, a ɗauki kwafin layuka a matsayin gada ta ɗan lokaci don haɓaka siga kawai, a kuma daidaita maƙirgai daga tsohuwar saba bayan an dakatar da rubutu. Ko a nan ina ganin ƙara 'yar tazara ta dace, domin ba a rasa wani aikin bango da aka manta da shi wanda ke haɗuwa da rumbun kai tsaye ba ta PgBouncer ba. A rumbu mai dubban maƙirgai ana iya rage tsaikon ta hanyar tura darajar da tazara mai faɗi 'yan mintoci kafin a dakatar da rubutu, a bar wa lokacin tsaikon binciken cewa babu maƙirgin tsohuwar saba da ya cim ma tazararsa.

Abu ɗaya da ya shafi duk hanyoyin da ke kiran setval shi ne umarnin ba ya tambaya ko gaba zai kai maƙirgi ko baya. Idan aikin da ke tura daraja lokaci-lokaci ya sake tashi bayan sabuwar saba ta fara karɓar rubutu, zai ɗauko tsohuwar daraja daga sabar da ta tsaya ya mayar da maƙirgin baya, kuma kuskuren 23505 zai bayyana awa ɗaya bayan kowa ya ɗauka an gama lafiya. Maganinsa shi ne a kashe aikin a matsayin mataki rubutacce na miƙa ragama, a kuma rubuta umarnin da GREATEST don ya zaɓi mafi girma tsakanin darajar da ta zo da wadda ke nan. Haka kuma wanda ya juya kwafin layuka ya koma daga sabuwar saba zuwa tsohuwa don ya samu hanyar ja da baya idan sabuwar siga ta ba da matsala, ya sani cewa yanzu maƙirgan tsohuwar ne ke tsufa, kuma shirin komawa yana buƙatar nasa matakin daidaitawa da aka gwada a kan kwafin rumbun, da saka layi na gaske a kowane tebur, kafin ranar aikin.